DAGA SATIRU ZUWA PEARL HARBOR: HARIN BA-ZATA BA YA CIN YAƘI

Kudu da birnin Sakkwato, tafiyar kimanin mil 14, a tsakanin ƙasashen Danchadi da Dange da Shuni da Bodinga, akwai wani kufai da ake kira Satiru. A wannan wuri ne, ranar Laraba 14 ga Fabrairu 1906, a cikin watan Zulhajji na shekarar 1323 bayan Hijira, wasu talakawa riƙe da gatura da fartanyu da kwari da baka suka tarwatsa rundunar Turawan mulkin mallaka, suka kashe Turawa uku da sojoji baƙar fata 25, suka kuma ƙwace babbar bindigarsu. Kwana 24 bayan haka aka shafe garin daga doron ƙasa.

Duk lokacin da aka ba da wannan labari a majalisar matasa, sai a ga an tsaya a kan rabin farko ana kabbara, a bar rabin ƙarshe kamar bai faru ba. Alhali kuwa darasin da ya fi amfanar matashi Musulmi na wannan zamani yana cikin kwana 24 ɗin nan ne. Kuma darasin bai tsaya a tudu ba. Manyan dauloli masu jiragen yaƙi a kan teku sun biya kuɗin koyonsa da rayukan miliyoyin mutanensu.

ABIN DA YA FARU A SATIRU

Turawan Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da jama'a masu yawa, ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekarar. Waɗanda suka rage suka zauna ƙarƙashin Nasara, zukata cike da baƙin ciki. Satiru gari ne na malamai talakawa da manoma da bayin da suka gudo daga rinjin iyayengijinsu. A 1904 wani malami a garin mai suna Maikaho ya yi da'awar shi ne Mahadi, aka kama shi aka kai Sakkwato, ya rasu a tsare. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi. Daga baya wani malami makaho da aka fi sani da Ɗan Makafo ya iso daga ƙasar Zabarmawa, bayan wani bore da aka yi wa Faransawa a can a ƙarshen 1905.

Ranar 13 ga Fabrairu 1906 Satirawa suka auka wa maƙwabtansu na Tsomau saboda sun ƙi bin su, aka kashe mutane. Labari ya kai Sakkwato a daidai lokacin da Razdan Manjo Burdon ya kama hanyar tafiya hutu. Mai riƙon muƙaminsa, Hillary, ya ɗebi sojojin doki kimanin 70 ƙarƙashin Laftana Blackwood ya nufi Satiru da niyyar kamo shugabanni, kamar yadda ake kamo ɓarawon akuya. Bindigarsu mai aman harsashi, wadda ake kira Maxim, ta makara a baya. Hillary ya wuce gaban sojojinsa don ya yi wa mutanen magana. Da Blackwood ya ga jama'a sun taso, sai ya yi ƙoƙarin matsar da sahunsa gaba don ya kare Razdan, kafin su sake daidaita sahu Satirawa sun riga sun cim musu. Dawaki suka firgita, sahu ya watse. Hillary da mataimakinsa Scott da Blackwood duk a nan suka kwanta.

Tun da Turawa suka kafa tutarsu a Lakwaja a 1900 ba a taɓa yi musu irin wannan ba a Arewa. Ba kuwa makami ne ya kayar da su ba, raini ne. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

To amma me ya biyo baya? Malam Isa ya rasu sakamakon raunin da ya samu a wannan karo. Bindigar da aka ƙwace ba ta amfani kowa ba ranar da ake bukatarta. Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya tsaya tare da Turawa, sauran sarakuna ma ba wanda ya fito. Maimakon Satirawa su jawo zukatan maƙwabta, sai suka bi ƙauyukan da suka ƙi su suna sa wuta, har wutar ta kai Danchadi da Dange kafin Turawa su dawo. Waɗanda aka ƙona wa rumbuna kuwa Musulmi ne masu Salla, waɗanda su ma ba son Nasara suke yi ba.

Shi kuwa Gwamna Lugga, a lokacin yawancin sojojinsa suna can bakin Binuwai wajen yaƙin Tibi. Ya buga waya, aka juyo da su, aka haɗo wasu daga Zungeru da Lakwaja da Kano. Ranar Asabar 10 ga Maris 1906 Manjo Goodwin ya tsaya gaban Satiru da sojoji sama da 500, da manyan bindigogi, da dawakin Sakkwato a bayansa. Wannan karon babu raini, babu garaje. Satirawa suka yi ta tasowa, harsashi yana zubar da su. An ƙiyasta cewa kimanin mutum 2,000 aka kashe, aka kwashe mata da yara kimanin 3,000, aka rushe garin, aka la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Ɗan Makafo aka kama shi aka kashe a Sakkwato.

Abin da Turawa suka yi a wannan rana kisan kiyashi ne, har a Landan sai da wasu jami'an ofishin mulkin mallaka suka nuna ƙyamarsa, kuma ba za a daina faɗin haka ba. Jaruntakar waɗanda suka tunkari harsashi da fartanya ita ma ba mai musun ta. Sai dai tambayar da ta wajaba matashi ya yi ita ce: wane shiri aka yi wa ranar 15 ga Fabrairu, wato washegarin nasara?

IRIN WANNAN A KAN TEKU

Wani zai ce ai talakawa ne marasa makami, shi ya sa. To ga labarin wata daula da ba ta rasa makami ba.

Da safiyar Lahadi 7 ga Disamba 1941, gab da ƙarfe takwas, jiragen saman Japan 353 suka sauko wa sansanin sojan ruwan Amurka da ke Pearl Harbor a tsibirin Hawayi. Sun taso ne daga kan wasu manyan jiragen ruwa shida masu dakon jiragen sama, waɗanda suka ratso teku na tsawon kwanaki ba tare da sun buga waya ko ɗaya ba, don kada a ji motsinsu. Cikin awa biyu aka kashe Amurkawa 2,403, aka nutsar ko aka lalata manyan jiragen yaƙi takwas. A jirgi ɗaya kawai mai suna Arizona mutum 1,177 suka hallaka. Japan ta yi asarar jiragen sama 29.

Yaya aka yi aka shammaci daula kamar Amurka? Amsar ita ce amsar Hillary. Alamu sun zo, aka raina su. Fiye da awa ɗaya kafin harin, wani jirgin sintiri na Amurka ya nutsar da ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan a bakin mashigar, ya aika da rahoto, manya suka tsaya jiran tabbaci. Wasu sojoji biyu da ke kan na'urar hangen jirage suka ga taron jirage na tahowa daga arewa, suka sanar, hafsan da ke bakin aiki ya ce kada su damu, yana zaton jiragensu ne da ake jira daga Kalifoniya. An jera jiragen sama fiffike da fiffike a fili don gudun masu zagon ƙasa, sai ya zamana an tara wa abokin gaba su wuri ɗaya. Kuma manyan hafsoshi sun sakankance cewa ruwan mashigar bai kai zurfin da za a iya sako nakiyar ruwa daga sama ba.

Wannan sakankancewa ba ta da uzuri, domin shekara ɗaya kafin nan, a daren 11 ga Nuwamba 1940, Ingila ta aika tsofaffin jirage 21 kacal daga kan teku suka auka wa rundunar ruwan Italiya a tashar Taranto, suka sa manyan jiragenta uku suka kasa fita yaƙi. Japanawa suka yi nazarin abin da ya faru, suka kuma gyara nakiyoyinsu da fikafikan katako don kada su nutse su cake a laka. Amurkawa su ma sun ji labarin Taranto. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, ba su shafa wa nasu ruwa ba.

Har zuwa nan labari ne na gwanintar mai kai hari. Amma Japan ta bar abubuwa uku a tsaye. Ba ta sami jiragen dakon jiragen saman Amurka a tasha ba, domin sun fita teku. Ba ta taɓa tankunan mai ba. Ba ta rushe wuraren gyaran jirage ba. Daga cikin manyan jirage takwas da aka buga, shida an gyara su sun koma yaƙi. Wata shida bayan haka, a watan Yuni 1942, a kusa da tsibirin Midway, Amurkawa da suka riga suka warware sirrin saƙonnin Japan suka yi mata kwanton ɓauna, suka nutsar da jiragen dakonta huɗu, dukkansu daga cikin shidan da suka kai harin Pearl Harbor. Wanda ya shammaci wani shi ma aka shammace shi.

Shi kansa Yamamoto, kwamandan da ya tsara harin, ya zauna a Amurka ya ga masana'antunta da idonsa, ya kuma gargaɗi shugabanninsa tun kafin yaƙi cewa zai iya cin karensa ba babbaka na wata shida ko shekara ɗaya, bayan nan ba shi da tabbas. Ba a saurare shi ba. An harbo jirginsa a watan Afrilu 1943. A daren 10 ga Maris 1945 aka ƙona birnin Tokyo, mutane wajen 100,000 suka mutu a dare ɗaya. A watan Agusta aka jefa makamin ƙare-dangi a Hiroshima da Nagasaki. Mata da yaran da suka ƙone a waɗannan birane ba a yi shawara da su ba ranar da aka tsara harin ba-zata, kamar yadda ba a yi shawara da matan Satiru 3,000 ba.

ME YA HAƊA BASAKKWACE DA TEKU?

Matashin Danchadi ko na Shagari da bai taɓa ganin ruwan da ya fi Gulbin Rima ba zai iya cewa wannan labarin na masu teku ne. Tarihin ƙasarsa bai yarda da haka ba.

Ta ruwa Nasara ya shigo. Jiragen yaƙin Ingila ne suka yi wa Ikko luguden wuta a 1851. A 1854 jirgin tururi ya hau Kwara ya shiga Binuwai, kuma saboda maganin kwini ba Baturen da zazzaɓi ya kashe a tafiyar. Daga nan ƙofa ta buɗe. Lakwaja, mahaɗar kogunan biyu, ta zama sansani. Daga can aka taso wa Bida da Ilori a 1897. A 1901 a cikin jiragen ruwa aka kai sojojin da suka ci Yola. Daular da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (R.A.) ya kafa tana da dawaki da ganuwoyi da jarumai, amma abokin gaba yana da kogi a hannunsa, yana kai soja da harsashi inda ya ga dama. Harsashin da ya zubar da Satirawa a Ingila aka ƙera shi, teku ya ƙetaro, kogi ya hawo.

Wutar da Japan ta kunna a Disamba 1941 ma sai da ta iso ƙauyukan Hausa. Bayan ta kori Ingila daga Singafo da Bama a 1942, sai Ingila ta ɗebi dubban samarin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa masu yawa, ta loda su a jiragen ruwa a 1943 da 1944 zuwa Indiya, daga can zuwa dazuzzukan Bama. Wasu ba su dawo ba. Sunayen barikoki irin su Chindit a Zariya da Dalet a Kaduna daga wannan yaƙi aka samo su.

Na kusa-kusan nan kuwa kowa shaida ne. A daren 25 ga Disamba 2025 Amurka ta kai hari a jihar Sakkwato da amincewar gwamnatin Nijeriya, aka ce 'yan ta'adda ake nufi a yankin Tangaza. Gwamnatin Tarayya da bakinta ta ce daga kan teku, a mashigin Gini, aka ƙaddamar da harin, ɓaraguzan makaman kuma suka faɗo a garin Jabo na ƙaramar hukumar Tambuwal, maƙwabciyar Shagari. Manomin da ke barci a Jabo bai san da jirgin da ke tsaye ɗaruruwan kilomitoci daga gare shi ba, sai da ya ga sama ta yi ja. A wannan zamani babu garin da ya yi nisa da teku.

ABIN DA MAGABATA SUKA KOYAR

Musulmi ba baƙon harin ba-zata ba ne. A Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Manzon Allah (S.A.W.) ya ajiye maharba 50 a kan tudu ya umarce su kada su bar wurin ko me suka gani. Da suka ga alamar nasara yawancinsu suka sauko, Khalid bin Walid, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da dawaki ta bayansu. Sahabbai 70 suka yi shahada, cikinsu har da Sayyidina Hamza (R.A.). A Hunaini, shekara ta 8, Musulmi suna 12,000, yawansu ya burge su, Hawazinawa suka yi musu kwanton ɓauna a cikin kwari da duku-dukun safiya, sahu ya watse, sai Manzon Allah (S.A.W.) da 'yan kaɗan suka tabbata har jama'a ta dawo. Alƙur'ani ya ambaci waɗannan ranaku biyu don kada a manta.

A nan ƙasar Hausa, a ƙarshen 1804, Gobirawa da Abzinawa sun shammaci jama'ar Shehu a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa. An rawaito cewa kimanin mutum 2,000 suka yi shahada, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. A shekara ta gaba aka sake yi wa jama'a mummunar ɓarna a Alwasa. Duk da haka a 1808 Alƙalawa ta faɗi.

Abin lura a nan shi ne, Ƙuraishawa sun yi galaba da yammacin Uhudu, ba su ci Madina ba. Gobirawa sun yi galaba a Tsuntsuwa, ba su ci jama'a ba. Dalili kuwa, abin da aka buga yana da saiwa. Shehu ya fara wa'azi da karantarwa tun wajen 1774, bai yi hijira zuwa Gudu ba sai a Fabrairu 1804. Shekara 30 yana gina mutane, maza da mata, yana rubuta littattafai, yana yaye almajirai da suka watsu daga Zamfara har Adamawa. Da aka kashe mahaddata 200 akwai waɗanda suka maye gurbinsu. Da Malam Isa ya faɗi a Satiru babu wannan. Kuma Shehu, duk da yadda mutane suka so su ɗora masa Mahadiyyanci, ya fito ƙarara ya ce shi ba Mahadi ba ne. Sifawa, inda ya zauna yana karantarwa bayan yaƙi ya lafa, da Bodinga, inda ƙaninsa Malam Abdullahi ya zauna, ba su da nisa da kufan Satiru. Mai tafiya a wannan yanki zai iya ziyartar darasin biyu a yini ɗaya.

Hatta a kan teku magabata sun nuna hanya. Larabawan Hijaz mutanen raƙumi ne, Rumawa kuwa sun daɗe suna mulkin Bahar Rum, suna kawo wa garuruwan gaɓar Sham da Masar farmaki lokacin da suka so. Sayyidina Umar (R.A.) bai yarda a jefa Musulmi cikin teku ba tare da sani ba. A zamanin Sayyidina Usman (R.A.) aka ba da izini, aka nemi gwanayen sassaƙar jirgi da matuƙa na Masar da Sham, aka koya daga gare su. A wajen shekarar 649 Miladiyya aka isa tsibirin Ƙubrus, a wajen 655 kuma aka karya rundunar ruwan Rum a yaƙin Zatus Sawari. Ba garaje ne ya kai su ba. Sun gane abin da suka rasa, suka zauna suka koye shi.

DARASIN GA MATASAN YAU

Na farko ya shafi wanda ake kai wa hari. Mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina sun sha ɗacin shammata. A watan Oktoba 2021 'yan bindiga sun auka wa kasuwar Goronyo suka kashe mutane sama da 40. A watan Agusta 2025 an harbe masallata ana Sallar Asuba a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi. Mai kai hari kullum lokacin sakankancewa yake nema: ranar kasuwa, lokacin Salla, tsakar dare, kamar yadda Japan ta zaɓi safiyar Lahadi. Sau da yawa kuma akan ga alama tun da wuri, baƙin babura a bakin daji, ko mai sayen man fetur da burodi fiye da ƙima, ko mai yawan tambayar gidan wane. Matashin da ya ga irin wannan ya kai wa mai unguwa da hakimi da jami'an tsaro, kada ya ce ba ruwansa, kada kuma ya ɗauki doka a hannunsa ya zalunci baƙon da bai ji ba bai gani ba. Shugaban da aka kawo wa rahoto kuma ya ji tsoron Allah, kada ya zama hafsan da ya ce wa masu na'ura kada su damu. Wanda aka ba gadi ya tuna maharban Uhudu. Tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi.

Na biyu ya shafi wanda ake kira ya kai hari, kuma shi ne ya fi haɗari. A yau akwai masu yawo da bindiga da rawani suna kiran samari da sunan addini. Lakurawa da suka addabi Tangaza da Gudu da farko wasu al'ummomi maraba suka yi da su don su kore musu ɓarayin shanu, daga baya suka koma karɓar dukiyar mutane da sunan zakka, suna dukan jama'a suna kisa, har kotun tarayya ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda a Janairu 2025. A wayoyin hannu kuma ana yaɗa hotunan kwanton ɓauna da waƙoƙi masu zuga jini, ana nuna minti biyar na nasara, ba a nuna shekara goma na zaman makoki. Wanda yake son ganin shekara goman ya dubi Barno da Yobe tun daga 2009: dubban rayuka, yawancinsu Musulmi, da mutane sama da miliyan biyu da suka bar gidajensu.

Duk wanda aka yi wa irin wannan kira ya auna mai kiran da ma'aunin Danchadi. Idan wutarsa ta farko a rumbun Musulmi maƙwabcinsa ta kama, idan yana kafirta duk wanda bai bi shi ba, idan ba shi da malami sananne da ya yi karatu a gabansa, idan ba shi da amsar abin da zai sami mata da yara washegari, to ba tafarkin Shehu yake kai ba, ko da kuwa ya fi kowa iya kabbara. Jinin Musulmi da na duk wanda ba shi da laifi haramun ne, kuma zafin zalunci da ake ji a zuci ba ya halatta shi.

Na uku shi ne inda ƙarfi yake. Amurka ba ta rama Pearl Harbor da fushi kawai ba. Ta rama da masu lissafi da suka warware sirrin saƙonni, da maƙera da suka ɗago jiragen da suka nutse, da masana'antun da suka ƙera sababbi fiye da yadda Japan za ta iya nutsarwa. Lugga bai fi Satirawa zuciya ba, ya fi su waya da jirgi da tsari. Alƙur'ani a cikin Suratul Anfal ya umarci muminai da tanadin ƙarfi gwargwadon iko, ƙarfi kuwa a wannan zamani yana farawa ne daga aji da ɗakin gwaji da gareji. Akwai Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Akwai makarantar horar da hafsoshi a Kaduna, wadda take ɗaukar har masu shiga sojan ruwa daga kowace jiha. Sau nawa ake jin cewa guraben jihohin Arewa maso Yamma a fannonin kimiyya da injiniya ba su cika ba, alhali samari suna zaune a bakin titi suna muhawara kan yaƙe-yaƙen wasu ƙasashe? Matashin da ya haddace Alƙur'ani, ya san Ahalari da Iziyya da Risala, sannan ya ƙware a lissafi ko aikin likita ko ƙirar inji, ya fi tsoratar da azzalumi a kan taron masu ihu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tun 1906 aka rushe Satiru. Danchadi da aka ƙona ta sake ginuwa, ana Sallar Juma'a a cikinta, yara suna zuwa makarantar allo. Haƙƙin waɗanda suka mutu a ɓangarorin biyu na wannan wuta a kan jikokinsu shi ne a yi musu addu'a, a faɗi gaskiyar abin da Turawa suka yi musu, a kuma faɗi gaskiyar kuskuren da aka yi, don kada wani ya sake jan samarin wannan ƙasa zuwa ga nasarar yini ɗaya.

Allah (S.W.T.) Ya jiƙan Musulmin da suka rasu a Satiru da Tsomau da Danchadi da Dange, Ya kare garuruwan Musulmi daga sharrin mai dirar dare da mai dirar rana, Ya ba matasa ilimi mai amfani da haƙuri da basira. Amin.